Gonar da Baba Ya Noma a Cikin Waya

Azumin bana ya zo mana da sauƙi. Rana ba ta yi irin zafin da muka saba ba, har mutum ya kai la'asar bai kalli randa ba. Shekaranjiya ina tsakar gida a nan Yalwawa ina surfen waken ƙosai, 'yata Ummi tana kwance a tabarma tana wasa da wayar babanta, sai kawai wani kiɗa ya ɓarke daga cikin wayar. Ban san lokacin da na saki taɓarya na fizge ta ba. Ashe tallar sabulu ce. Maigidana ya yi ta dariya, ya ce shi dai ya rasa gane kaina, macen da ke ƙorafin tsadar ƙanƙara amma duk wata sai ta biya kuɗi don kada talla ta fito a wasan da ke wayarta. Na bar shi ya yi dariyarsa. Azumin da ya faɗo mini a rai shi a Dutse ya yi shi, ni kuwa a ƙauyenmu na bayan Kiyawa na yi nawa.

Shekarar ce azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Kafin nan, bayan an gama kai amfani gida, hawan jini ya kayar da Baba a bakin rumbu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya taƙaita, magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo har yana dogara sanda ya je masallaci. Hannu ne ya ƙi. Yana iya ɗaga shi kaɗan daga kafaɗa, amma yatsun sun lanƙwashe sun ƙi buɗuwa sosai, sun kuma ƙi riƙe komai.

Duk wanda ya san Baba ya san inda matsalar take. Mutum ne da tun muna yara in ya ga ka kai loma da hagu, sai dai ka ji ranƙwashi. Yanzu ga shi hagun kaɗai ta rage masa. Ya ce shi ba zai ci da ita ba. Likita ya yi masa bayani, limamin garinmu ma ya ce masa lalura ce, babu laifi a kansa. Ya ce ya ji, ya kuma gode, amma loma ba ta wuce masa. Inna ta ce to bari ta riƙa ba shi a baki. Ya yarda sau ɗaya, ya kalli bango har aka gama, daga ranar bai sake yarda ba. Kunu kaɗai yake sha, ya ɗauki kofin da hagu ya tokare gindinsa da bayan hannun dama don dai a ce dama ta taɓa. Ya daina fita ciyayya, wato zaman da mazan unguwa suke yi a ƙofar gidanmu, kowa a kawo kwanonsa daga gida a haɗu a ci tare. Shi ne ya gaji wannan zama daga mahaifinsa, sai ga shi ana yi a ƙofar gidansa yana ɗaki yana jin ƙarar murafen kwanuka.

Da aka yi hutun makarantar da nake koyarwa, na kwashi yara na koma gida. Ranar da na ga Baba ya cire riga zai yi alwala, na ga ƙasusuwan wuyansa, sai da na shiga bayan ɗaki na yi kuka. Tsoro ne ya kama ni ƙwarai. Mutumin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai ya ɗora a amalanke, yunwa tana cin sa a gaban tukunyar tuwo.

A sashen gashin ƙashi na asibiti, a Dutse, wata ma'aikaciya ta gaya mana gaskiya ba ta ɓoye ba. Ta ce yatsun nan in ba a sa su aiki kullum ba, za su sandare a haka, kuma ba a daɗe ake rasa damar ba. Ta ce a zuba masa gyaɗa a faranti ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya yana sakawa a kwano. Muka gwada. Gyaɗa ta yi ta zille masa, jikokinsa suka tsaya kallo, ya ture farantin ya ce shi ba yaron goye ba ne.

Ƙanena Nafi'u, wanda yake karatu a jami'a a Kafin Hausa, shi ya zo da dabarar wasan waya. Ya sa masa wani wasa na gona: ka ja yatsa a kan kunya ka shuka, ka dangwala ka ba da ruwa, ka sake ja ka girbe. Muka nuna wa ma'aikaciyar, ta ce a yi, da sharaɗin hagu ba za ta sa baki ba. Saboda haka aka riƙa jingina wayar da kwano a kan 'yar kujera a gabansa, shi kuma ya zauna a kan hannunsa na hagu. Da farko tsaki ya yi ta ja.

"Wace irin gona ce wannan, babu ciyawa babu ƙuduji?" in ji shi. "Masara ta nuna kafin mutum ya gama hamma? Waɗannan ba su taɓa riƙe fartanya ba."

Amma bai ture ta ba. Da ƙashin bayan yatsa ya fara, yana jan hannun gaba ɗaya daga kafaɗa, gumi na zuba. Kwana kaɗan sai ga shi yana faɗa da Inna wai ta tsaya masa a kan haske kajinsa na cikin waya suna jiran tsaba.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne talla. Wasan na kyauta ne, ba ya buɗuwa sai da data, kuma kowane ɗan lokaci sai ya tsaya ya nuna maka hajar wani. Na farko-farko na taliya ne da na wasu wasannin, Baba ya ɗauke su kamar ƙudan da ke damun mai aiki. Ana saura kwanaki a ga watan azumi, wata ranar hantsi, muna zaune ni da Inna a gefensa muna tsinken zogale, sai kiɗa ya tashi. Wata mata ce ta cika fuskar wayar tana rawa, kayan jikinta ba su kai a kira su kaya ba, ga rubutun caca yana walƙiya a ƙasanta. Baba ya zaro hagu ya make wayar ta faɗa cikin ƙasa.

"A'uzu billahi! A gaban 'yata? A gaban uwarta?" in ji shi. "Azumi yana bakin ƙofa kuka kawo mini wannan cikin gida? Ku ɗauke, kada in sake ganin ta."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. Hannun ya koma kan cinya ya kwanta. Ɗan sakin da yatsun suka fara yi, ina kallo yana komawa. Na kira Nafi'u na zazzage masa duk haushina, har da wanda ba nasa ba. Da ya bari na gama, sai ya ce akwai hanya: in ana biyan masu wasan wani abu duk wata, talla ba za ta ƙara fitowa ba ko ɗaya. Ya zo gida ranar Juma'a, muka durƙusa gaban Baba mu biyu.

"Su wa za a biya?" Baba ya tambaya.

"Masu wasan, Baba."

"Su ne suka turo matar nan?"

"Su suka ba da wurin da aka sa ta."

"Wato su zubo mini ƙazanta a tsakar gida, sannan in biya su ladan kwashewa."

Nafi'u ya sosa ƙeya. "Baba, ko gona aka ba ka aro ai kana kai wa mai ita ɗan wani abu da kaka. Su ma wahala suka sha suka gina abin. In ba ka ba su da hannu ba, sai su karɓa ta idonka."

Inna tana bakin murhu tana ji, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda ake sayen babu ba. A wannan zafin, abin da za a sayi ƙanƙara da sukari a jiƙa maƙoshi, a aika wa mutanen da ko sunansu ba a sani ba, kuma abin da za su ba ka shi ne su daina nuna maka abu? Ban ga laifinta ba, shekarar komai ya yi tsada, gero ma ana auna shi da tsoro. Amma na ce ni zan biya daga albashina, ko da ruwan randa za mu yi buɗa-baki har salla.

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na.

"Uwata, kin ɗauki alkawari ba zan sake ganin irin wancan ba?"

"Na ɗauka, Baba."

"To ki ji. In na sake gani, ko sau ɗaya ne, ni da abin nan har abada."

Nafi'u ya haɗa biyan da katin bankina, ya ce duk wata da kansa zai riƙa cira. A ranar aka jingina waya da kwano, Baba ya zauna a kan hagunsa.

Sai azumi ya kama, zafi ya sauko da gaske. Tun hantsi iska take daina motsi. Ƙasar tsakar gida ba ta takuwa babu takalmi, awaki su laɓe a jikin katanga suna haki, ganyen darbejiya ya yi laushi ya rataya. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga ya riƙa fitowa da ruwa ja rabi laka, sai an bar shi ya kwanta. Maza su fita sharar gona da kai taki tun bayan asuba, kafin rana ta ɗaga sun dawo sun zube a zaure kamar an yi musu duka. Wani lokaci da yamma hadari ya haɗu ta gabas, kowa ya ɗaga kai, sai ya watse ya bar mu da zufa. Likita ya hana Baba azumi saboda magani, ana ciyarwa a madadinsa, amma hakan bai sa ya ci komai ba sai kunun nan nasa.

Ranakunmu suka zama iri ɗaya. Bayan asuba ya yi lazimi. Da hantsi a shimfiɗa masa tabarma a rumfa a kawo waya, ya yi noma har ya gaji. Da azahar a aika da wayar shagon mai caji a bakin kasuwa, don wuta ba ta zuwa mana. Bayan la'asar Malam Habu, amininsa tun na ƙuruciya, ya biyo da ita daga masallaci, Baba ya yi zama na biyu, mu kuma muna fama da niƙa da tsamiya da hayaƙin murhu, leɓe ya bushe, kai yana sarawa. Babu kiɗa, babu mai katse shi. Wannan shirun na saya, kuma a kunnena ya fi komai daɗi a watan nan.

A hankali yatsan nuni ya miƙe. Daga baya babban yatsa ya fara taya shi. Wata rana na ga ya matse fuskar wayar da yatsu biyu don ya hango ƙarshen gonarsa, na yi sauri na juya baya kada ya ga idona. Amma riƙo ya ƙi zuwa. Na taɓa ajiye masa dabino a gefen wayar kamar mantuwa na yi. Ya faki idona ya gwada, dabinon ya suɓuce ya gangara. Ban nuna na gani ba. Da magariba mazan unguwa su haɗu a ƙofar gida, in fitar da kwanon gidanmu, Malam Habu ya leƙo ya ce, "Malam, yau ma ba za ka fito ba?" Baba ya ce, "Ku ci, na ƙoshi." Wandonsa kuwa sai da Inna ta ƙara wa mazugin ƙulli.

A cikin goman ƙarshe na shiga Dutse karɓo masa magani. Da safen nan kafin in fita yake gaya mini, da ɗan alfaharinsa, cewa Liman zai biyo Malam Habu bayan la'asar su duba shi, kuma zai nuna musu gonar, har da sabon rumbun da ya gina a ciki. Ina tsaye a layin karɓar magani, rana tana dukan duwatsun garin suna maido mana da zafin, sai saƙo ya shigo wayata. An nemi cire kuɗin wata bai yiwu ba, an dakatar da biyan. Watan ya cika ban lura ba, kuma a 'yan kwanakin nan hanyar banki sai ta ɗauke yini guda.

Na gwada biya da kaina, abin ya yi ta juyawa ya ƙi. Na kira Nafi'u, ya gwada da nasa katin, shi ma ya ƙi. Na kira wayar Baba, a kashe, tana wurin caji. Na kira 'yar ƙaramar wayar Inna, ita ma a kashe. Malam Habu kuwa bai taɓa riƙe waya ba a rayuwarsa.

Ban san yadda na kai tasha ba. Motar Kiyawa tana nan, amma ba ta cika ba, direba yana kwance a ƙarƙashin bishiya da hula a fuska. Na roƙe shi, ya ce Hajiya a wannan tsadar man ba zai tashi da rabin mota ba. Na zauna a ciki, ƙarfen kujera yana ƙona ni ta cikin zane, harshena ya manne da ganɗa. Kowane mai wucewa sai in bi shi da ido ina fatan fasinja ne. Abu ɗaya nake ta gani: matar nan tana rawa a gaban Liman, a zauren Baba, a goman ƙarshe. Da kunyar kaɗai ce da sauƙi. Na san Baba, in ya faɗi magana ya faɗa, kuma hannun bai kai ga riƙe loma ba. A Kiyawa aka kira la'asar ina sauka. Na hau acaɓa, na ce masa don Allah ya yi sauri, yashi yana kama tayar muna tangaɗi.

Takalma na fara gani a ƙofar zaure. Na makara.

Babu hanyar shiga gidanmu sai ta zauren. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Liman yana zaune a kan buzu, Malam Habu a gefensa, Baba a tsakiya ya zauna a kan hagunsa, waya a jingine da kwano, gonar a buɗe. Mace ba ta tsallaka manya ta fizge abu a gaban mahaifinta. Na gaishe su, Liman ya yi ta jan gaisuwa, ya maigida, ya yara, ya ibada, ina amsawa idona yana kan wayar.

"Baba," na ce a hankali, "ko za a ba ni wayar in duba wani abu?"

"Bari in girbe musu masarar nan tukuna, Uwata. Allah gafarta Malam, matso ka ga ikon Allah, masara babu damina."

Liman ya gyara tabarau ya sunkuyo. Baba ya ja yatsa a kunya ta farko, ya ja a ta biyu. Sai fuskar wayar ta yi baƙi, kiɗan nan ya tashi. Na gane shi tun daga bugun farko. Baba ma ya gane shi.

Hagu tana ƙarƙashinsa, babu lokacin zaro ta. Hannun dama ne ya tafi. Ina kallo yatsun nan biyar suka buɗe, suka cafki wayar, suka ɗaga ta daga jikin kwanon, suka kifa ta a kan tabarma, ya danne ta da tafinsa. Kiɗan ya ci gaba a ƙarƙashin hannun, a toshe, har ya gaji ya yi shiru. Babu wanda ya ga komai.

Malam Habu ne ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam... da wane hannu ka ɗauka?"

Baba ya dubi hannun kamar na wani ne. Ya ɗaga shi, ya buɗe, ya rufe. Liman ya ce, "Allahu akbar," ya sake cewa. Ni ina durƙushe, jakar magani a cinyata, hawaye yana zuba, ban sani ba na murna ne ko na tsoron abin da zai biyo baya.

Da baƙin suka fita, Baba ya turo mini wayar da ƙafa, a kife yadda take.

"Kin yi alkawari, Uwata."

"Na yi, Baba. Banki ne ya..."

"Ban tambaye ki banki ba. Ɗauke ta."

Na ɗauka. Bai ƙara taɓa wasan ba har yau, ko da biyan ya wuce da kansa washegari. Gonar tana wayata yanzu, ita ce nake biya wa duk wata, kuma har gobe ni da Nafi'u muna musu. Shi ya ce tallar kyauta ce ta buɗe hannun. Ni na ce wata guda na shiru da aka biya shi ya ba yatsun ƙarfin da suka kifa wayar.

A yammacin nan dai ban san ko ɗaya ba. Na shiga gida, na tarar da Inna tana kwashe tuwon dawa. Rana ta yi ja, aka fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, murafen kwanuka suka fara ƙara. Na zuba wa Baba kununsa a kofi kamar kullum, na kai masa rumfa. Bai karɓa ba. Yana zaune yana murza yatsun dama da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya.

Ladan ya kira salla. Baba ya jawo sandarsa ya miƙe, ya dubi Inna.

"Miyar mece ce yau?"

"Kuka ce, Malam."

"To a sa mini man shanu. Uwata, kawo ruwan wanke hannu, ki kai mini kwanona waje."